Gonar Da Ake Noma Littattafan Yara

   

Yau gona za mu, amma kowa ya ajiye fartanya ya ɗauko biro. A wasu ƙasashe, har da Najeriya, akwai gonakin da ake ware ɗakuna a cikinsu, a gayyato marubuta da masu zane su zo su zauna na 'yan kwanaki ko makonni. A ba su wurin kwana da abinci da teburin aiki, a ce musu ga gona, ga lokaci, kowa ya kama abin da ya kawo shi. Wasu daga cikin waɗannan wurare an kafa su ne musamman domin masu yin littattafan yara.

Tambayarmu ta yau ita ce, me ya haɗa littafin yara da gona? Me zai sa babban mutum ya bar birni da jin daɗinsa, ya je ya tare inda shanu suka taɓa kwana, don kawai ya rubuta labarin da za a karanta wa ɗan shekara biyar cikin minti goma? Ku biyo ni sannu a hankali, domin abin da waɗannan mutane suke tafiya nesa su nema, da yawanku kuna da shi a bayan gida.

Mene ne masaukin marubuta?

Yawancin masu rubuta littattafan yara ba da rubutun kaɗai suke ci ba. Wani malamin makaranta ne, wata ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, wata kuma ga aikin ofis ga raino. Labari yana cikin kai, amma lokacin zama a fitar da shi ya gagara. Wannan matsalar ce masaukin marubuta da masu zane yake magancewa. Mai son zuwa yakan cike takardar nema, ya aika da samfurin aikinsa, ya bayyana abin da yake son yi idan an ba shi wuri. Kwamiti ya zauna ya tace, ya zaɓi mutane kaɗan. Wasu masaukan kyauta ne, har da ɗan kuɗin guzuri, wasu kuwa baƙon ne zai biya. Akwai na 'yan kwanaki, akwai na wata ɗaya zuwa uku. A waɗanda suke cikin gona, wani lokaci akan nemi baƙo ya ba da 'yan awoyi yana taya aikin lambu ko kiwo.

Idan kun karanta Magana Jari Ce a aji, kun riga kun ɗanɗani amfanin irin wannan tsari. Alhaji Abubakar Imam yana koyarwa ne a makarantar Midil ta Katsina lokacin da littafinsa Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar rubutun Hausa ta 1933. A 1936 sai aka ɗauke masa aikin aji na kimanin wata shida, aka kai shi Zariya wurin Dokta Rupert East, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, aka bar shi da rubutu. Daga wannan zama aka samu littattafai uku da har gobe ake karantawa a makarantu. Ba a gona aka yi shi ba, amma hikimar ɗaya ce: a sauke wa mai basira nauyi na ɗan lokaci, a ga abin da zai fitar.

A yau ma muna da irinsa. A garin Iseyin na Jihar Oyo akwai masaukin marubuta na Ebedi, wanda Dokta Wale Okediran, tsohon shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ya kafa a 2010. Marubuta sukan yi makonni a can suna aiki, kuma sukan zauna da ɗaliban sakandare na garin suna koya musu rubutu.

To, wannan shi ne masauki. Saura mu ga abin da gona take ƙara masa.

Ɗakin shanun da ya koma ɗakin marubuta

A jihar New York ta Amurka, idan ka bar babban birnin ka yi tafiyar 'yan awoyi a mota, za ka shiga yankin duwatsun Catskill. Yanki ne da aka sani da ƙananan gonakin shanun madara. Da zamani ya juya, manyan gonaki suka mamaye kasuwa, kuɗin madara ya daina riƙe ƙaramin makiyayi, sai gonaki da dama suka mutu, 'ya'ya suka koma birni, gine-gine suka zama kufai.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan gonaki ce wata mai zanen littattafan yara, Sophie Blackall, ta saya. 'Yar asalin Ostareliya ce da ke zaune a Amurka. Ta yi wa littattafai fiye da 40 zane, kuma sau biyu tana lashe lambar yabo ta Caldecott, a 2016 da 2019. Wannan ita ce lamba mafi daraja da ake ba mai zanen littafin yara a Amurka, tun 1938 ake bayar da ita. Blackall ta sa aka gyara katafaren ɗakin da ake kwantar da shanu a tatse su, aka fitar da ɗakunan kwana da wurin cin abinci da wurin aiki, ta sa wa wurin suna Milkwood. Marubuta da masu zane da editoci da ma'aikatan ɗakunan karatu na yara sukan zo rukuni-rukuni, su yi kwanaki suna ci tare, suna zagaya fili, suna tattauna aikinsu.

Kada ku raina wannan cin abinci tare. A yadda ake yin littafin yara mai hotuna a ƙasashen Turai da Amurka, sau da yawa marubuci da mai zane ba su ma san juna ba. Marubuci ya aika da labarinsa kamfanin ɗab'i, edita ya zaɓo mai zane, kowa ya yi aikinsa a ɗakinsa shi kaɗai na tsawon watanni. Saboda haka zama a teburi ɗaya da wanda ya san wahalar aikin babban abu ne a wurinsu.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da gonar ta ba mai ita. A cikin filin akwai wani tsohon gida da ya kusa ruftawa, inda iyalin manomin da suka yi zamani a wurin suka raini 'ya'ya goma sha biyu. Gidan ya wuce gyara. Kafin a rushe shi, Blackall ta shiga ta riƙa tono abin da ya rage: takardar adon bango da ta ɓalle, tsofaffin littattafan rubutu na yaran gidan, jaridu, labule, ƙyallayen riguna da aka ɗinka da hannu. Ta wanke, ta shanya, ta yayyanka, ta riƙa liƙa su a kan zanenta. Da waɗannan tarkace ta sake gina gidan a kan takarda, ɗaki bayan ɗaki, ta mayar da yaran cikinsa suna wasa da faɗa da aikin tatsa. Littafin ya fito a 2022 da suna Farmhouse, wato gidan gona.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, labarin bai zo mata tana zaune a birni ba, sai da ta durƙusa ta sa hannu cikin laka. Na biyu, kayan aikinta abin da kowa zai kira shara ne. Idan kun ji ana maganar ɗorewa ko alkinta muhalli, asalin ma'anar ke nan: ka yi amfani da abin da ke hannunka ba tare da ɓarna ba, ta yadda na bayanka za su tarar da rabonsu.

Matar da littafi ya saya wa gona

Wannan alaƙa ta littafin yara da gona ta girmi Milkwood da fiye da shekara ɗari. Mu tsallaka Ingila, mu koma baya.

An haifi Beatrix Potter a Landan a 1866, a gidan masu hali. Ba a sa ta makaranta ba, a gida aka koyar da ita. Abokan wasanta su ne zomaye da ɓeraye da bushiya da take kiwo a ɗaki, kuma duk ta zauna ta zana su. Idan iyayenta suka tafi hutu ƙauye, sai ta shiga daji tana zana ganye da ƙwari da laimar kwaɗi. Ta ƙware a nazarin laimar kwaɗi har ta rubuta takardar bincike da aka gabatar wa wata ƙungiyar masana halittu a Landan a 1897. Wani namiji ne ya gabatar a madadinta, domin a lokacin ba a barin mata su halarci zaman ƙungiyar.

A 1893 ta rubuta wa ɗan tsohuwar malamarta wasiƙa, yaron yana kwance ba lafiya. Ta ba shi labarin wani zomo mai ƙiriniya da ya shiga lambun wani tsoho, ta yi zane a gefen rubutun. Bayan shekaru ta mayar da wasiƙar littafi. Kamfanonin ɗab'i suka ƙi karɓa, sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a 1901. Da aka ga yadda ya karɓu, kamfanin Frederick Warne ya buga shi a 1902. Shi ne labarin Peter Rabbit, wanda har yau ake sayarwa a harsuna da dama.

Da kuɗin littattafai suka fara shigowa, me ta saya? Gona. A 1905 ta sayi gonar Hill Top a ƙauyen Near Sawrey, a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila. Daga nan gonar ta shiga ciyar da alƙalaminta. Ɓerayen da suka addabi tsohon gidan gonar sun zama littafi. Matar manomin da ke kula da wurin takan kwashe ƙwan agwagi ta sa wa kaji su kwanta a kai, don a ganinta agwagwa ba ta iya kwanci ba. Duk wanda ya taɓa ganin an sa wa kaza ƙwan zabi ya san wannan dabara. Potter ta dubi abin ta ɓangaren agwagwar: yaya uwa za ta ji idan kullum ana ɗauke mata ƙwai? Sai ta rubuta labarin agwagwar da ta gudu daji neman inda za ta yi kwanci, ta faɗa hannun wani dila mai daɗin baki, karen gona ya cece ta. Littafin ya fito a 1908.

Abin da ya sa yara suka yarda da dabbobinta shi ne, ko ta sa wa zomo riga, jikinsa na zomo ne, tsallensa na zomo ne, tsoronsa ma na zomo ne. Shekarun da ta yi tana kallo ba su tafi a banza ba.

Daga baya ta rage rubutu ta dukufa ga kiwon wasu tumaki na yankin da ake kira Herdwick, masu jure sanyi da hawan dutse. Duk lokacin da ta ji za a sayar da gona, tana tsoron kada a yayyanka ta a yi gine-gine, sai ta saya. Da ta rasu a 1943, ta bar wa ƙungiyar National Trust, mai kula da filaye da wuraren tarihi, ƙasa fiye da eka 4,000 da gonaki fiye da goma, da sharaɗin a ci gaba da kiwon waɗannan tumaki. Yankin ya zama gandun ƙasa da doka ta kare a 1951. Kun ga yadda abin ya zagayo: gona ta ba ta labari, labari ya kawo kuɗi, kuɗi ya ceci gonaki.

Akwai irinsa a Najeriya

Mu dawo gida. Yinka Shonibare fitaccen mai fasaha ne da aka haifa a Landan a 1962, ya tashi a Legas. An san shi a duniya da amfani da atamfa a cikin ayyukansa. Ya kafa gidauniya mai suna Guest Artists Space, wadda ta fara karɓar baƙi a 2022. Tana da masauki biyu, ɗaya a Legas, ɗaya a cikin wata gona mai faɗin eka 54 a ƙauyen Ikise, kusa da Ijebu Ode a Jihar Ogun. Ana noma rogo da masara da tumatir da barkono a gonar, kuma da bulon ƙasa aka gina gidan baƙin. Masu zane da masu bincike da masana aikin gona ne suke zuwa, su zauna wuri ɗaya suna tunani a kan abinci da ƙasa da muhalli. Wannan masauki bai keɓanta da littattafan yara ba, amma ya nuna cewa haɗa fasaha da gona ba sai an tsallaka teku ba.

Kalmomin da suka faɗi daga ƙamus

Yanzu mu zo kan abin da ya sa wannan magana ta wuce sha'awa kawai. A 2007 kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya fitar da sabon bugu na ƙaramin ƙamusunsa na yara 'yan firamare. Aka lura an cire sunayen tsuntsaye da furanni da bishiyoyi da dama, har da sunan zalɓe, an sa kalmomin kwamfuta da intanet. Hujjar kamfanin ita ce, ƙamus yana bin kalmomin da yara suke cin karo da su ne a rayuwarsu. Wato dai yaran ne suka riga suka yi nisa da waɗannan halittu, ƙamus ya biyo baya. A 2015 marubuta 28 suka rubuta wasiƙar ƙorafi. A 2017 kuma marubuci Robert Macfarlane da mai zane Jackie Morris suka fitar da wani babban littafi mai suna The Lost Words, wato kalmomin da suka ɓace, suka ɗauki ashirin daga cikin sunayen, kowanne da waƙarsa da zanensa. Littafin ya karɓu har jama'a suka riƙa tara kuɗi ana saya wa makarantun firamare.

To, mu gwada kanmu. Ɗauki takarda, ka rubuta sunayen bishiyoyin da za ka iya ganewa idan ka gan su, ban da mangwaro da darbejiya. Ka san kanya? Za ki iya bambanta magarya da kurna? Aduwa fa, da ɗinya, da marke, da ɗorawa? A tsuntsaye, wa ya san carki da cilakowa da gauraka? Idan ka gama, ka kai wa kakarka takardar ka ce ta ƙara. Tazarar da za ka gani tsakanin jerinka da nata, ita ce abin da yake zubewa a tsakanin zamani biyu.

Sunan bishiya yana tafe ne da ilimin da ke tattare da ita. Ɗauki gawo. Duk bishiyoyi suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake kakkaɓe nasa, sai da rani ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero da dawa rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare. Manomin da ya san haka ba ya sare gawo a gonarsa. Yaron da ya tashi bai san ko sunansa ba, idan ya girma itacen girki kawai zai gani. Abin da ba ka san sunansa ba, ba za ka ji zafin rashinsa ba.

Nan ne littafin yara yake shigowa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma littafin da zai sa yaro ya so gawo, sai wanda ya zauna a gindin gawo ne zai iya rubuta shi. Shi ya sa ake kai marubuta gona. Kakanninmu ma da kallo suka tara hikimarsu. Wanda ya fara cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, ai zama ya yi a tsakar gida ya ga abin da idonsa.

Amma fa da sauran magana

Wani zai ce, ai wannan harkar masu kuɗi ce. Akwai gaskiya a ciki. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, mafi yawansu na manya ne da suka riga suka fara fitar da aiki, ga kuɗin jirgi ga wahalar biza. Sannan baƙon mako biyu yana iya ganin kyan gona kawai, ya zana furanni da faɗuwar rana, ya tafi bai san ciwon baya na noman fari ba, bai san fargabar manomi idan ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina ba. Littafin da ya mayar da gona wurin shaƙatawa zalla bai faɗa wa yara gaskiya ba.

A nan ne da yawanku kuka fi baƙon. Wanda ya yi shuka da hannunsa, ya kori tsuntsaye daga gero, ya kai wa masu aiki fura a gona, ya riga ya mallaki abin da zaman mako biyu ba zai bayar ba. Abin takaici shi ne, sau da yawa ɗalibi yana jin kunyar a san cewa a gona ya yi hutunsa, alhali a wata ƙasa takardar nema ake cikewa kafin a samu irin wannan dama. Abin da ya rage muku shi ne ku koyi kallon da ake yi da niyya, ku kuma rubuta.

Ku buɗe naku masaukin

Ga yadda za ku gwada a hutu mai zuwa, ko ma a ƙarshen mako.

Da farko ku zaɓi wuri ɗaya ƙarami. Gonar gida, ko lambun makaranta, ko turken awaki, ko akurkin kaji, ko bishiyar ƙofar gida. Ku nemi izinin iyaye. Inda babu tsaro kada wanda ya fita daji, tsakar gida ma ta isa. 'Yan birni kuma, wurin mai sayar da dashen itatuwa na bakin titi ko tukunyar da aka shuka tumatir a ciki duk sun wadatar.

Sai ku sa wa kanku lokaci: minti talatin kullum, a sa'a ɗaya, har kwana goma sha huɗu, ba waya a hannu. Ku ciro ragowar shafukan da ba a rubuta ba daga tsofaffin littattafanku na aji, ku ɗinke su, kun sami littafin lura. Kowace rana ku rubuta abu uku da kuka gani, ku zana ɗaya. Kada ku rubuta "na ga tsuntsu". Wane tsuntsu? Ina ya sauka? Me ya ɗauka? Da ƙafa yake tafiya ko tsalle yake yi? Abin da ba ku san sunansa ba ku tambayi tsofaffi, ku rubuta sunan da duk abin da suka faɗa a kansa. Kwana uku na farko za ku ga kamar ba abin da ke faruwa. Ku daure, ido yana buƙatar lokaci kafin ya buɗe.

A mako na biyu ku nemi wanda yake da matsala a cikin abin da kuke kallo, domin daga matsala labari yake tashi. Ɗan zabon da kaza ta ƙyanƙyashe, ranar da ya gane muryarsa ba irin ta 'yan uwansa ba ce, me zai yi? Shamuwa da ta iso gari ta tarar an sare bishiyar da take sheƙa a kai duk shekara, ina za ta nufa, kuma wa zai gaya wa manoma damina ta kusa?

Daga nan sai haɗa littafi. Yawancin littattafan yara masu hotuna shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe manyan takardu a wurin ɗab'i. Ku ma ku ɗauki falle takwas, ku ninka su biyu, ku ɗinke tsakiya, shafi 32 ke nan. Ku bar shafukan farko domin suna da sadaukarwa, sauran ku raba wa labari. Kalmomi su zama kaɗan, jimla ɗaya ko biyu a shafi. Abin da zane ya riga ya nuna kada ku maimaita shi a rubutu. Idan hoto ya nuna akuya a kan rumbu, rubutu ya faɗi abin da take tunani. Sannan ku riƙa ajiye abin mamaki a bayan shafi, yadda yaro zai ƙosa a juya.

Kayan zane ma ba sai an je kanti ba. Tawadar allo, ta gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, tana ba da baƙi mai kyau. Zoɓo yana ba da ja, jar ƙasa da lalle suna ba da ruwan ƙasa, shuɗin wanki yana ba da shuɗi. Ragowar atamfa daga wurin tela, da busassun ganye, da takardar buhun siminti duk suna liƙuwa da ƙaro ko kunun sitaci. Idan kai gwanin rubutu ne ba ka iya zane ba, nemi abokin da ya iya. Ku haɗu uku ko huɗu, kowane yamma kowa ya karanta wa sauran abin da ya samo. Wannan shi ne teburin cin abinci na Milkwood, naku na gida.

Jarrabawar ƙarshe ita ce ku zaunar da ƙaninku ko ƙanwarku mai shekara huɗu zuwa shida ku karanta masa. Yaro ba ya kara. Inda ya fara waige-waige, wurin yana son gyara. Idan kuka kai ƙarshe ya ce a sake, to aiki ya yi kyau.

Littattafan yara masu hotuna da aka rubuta da Hausa, waɗanda yaro zai buɗe ya ga bishiyar da ya sani da tsuntsun da yake ji da asuba, har yanzu ba su wadata ba. Masu cike wannan gurbi suna cikin azuzuwanku. Aikinmu na wannan mako shi ne jerin sunayen nan: bishiyoyi goma da tsuntsaye goma na yankinku, kowanne da jimla ɗaya a kan abin da kuka gani da idonku ko kuka ji daga bakin manya. Ku nuna wa malaminku na Hausa, ku kuma aiko wa wannan fili, mu ga bambancin sunaye daga gari zuwa gari.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.